Ko ka sani? Cutar furanni da ke iyo da wutsiya biyu

Furen Catharanthus roseus, wanda asalinsa daga tsibirin Madagaska yake, ana shuka shi a lambuna domin ya rufe ƙasa da furanni farare da ja-ja, kuma daga ganyensa ake samun vincristine, maganin sankarar jini ta yara. Babbar abokiyar gabarsa ita ce Phytophthora nicotianae, wadda kan sa reshe ya yi duhu, ganye ya yi yaushi, tsiron ya mutu cikin mako ɗaya ko biyu idan damina ta yi nauyi.

An daɗe ana lissafa wannan halitta cikin dangin fumfuna, sai bincike ya nuna cewa ta fi kusa da ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ban mamaki shi ne 'ya'yanta suna iyo. Idan ƙasa ta jiƙe, 'yar jakar da ke ɗauke da su takan fashe, su fito kowanne da wutsiya biyu, ta gaba mai gashi tana jansa, ta baya tana juya shi kamar yadda matuƙin kwalekwale ke sarrafa filafili. Sukan yi sa'o'i suna yawo cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, suna bin sinadaran da saiwa ke fitarwa, kuma da zarar sun isa sai su yar da wutsiyoyin, su manne, su huda fatar tsiron. Wata 'yar uwarta, Phytophthora infestans, ita ta lalata dankalin Turawa a Ailan daga 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wata kuma, Phytophthora megakarya, ke ruɓar da kwanson koko a Nijeriya da Kamaru da Gana.

Tun da cutar ta fi yaɗuwa ta hanyar ruwa, rigakafinta hana ruwa kwanciya ne. Ana ɗaga kunya, a bar tazara tsakanin tsirrai domin iska ta ratsa, a yi ban ruwa a gindi da safe, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada ruwan sama ya fantsama laka kan ganye. Tsiron da ya kamu tuge shi ake yi a ƙone, kuma ba a maimaita furen a wurin, domin cutar takan yi shekaru a ƙasa. Yawancin magungunan fumfuna ba sa kama ta, sai irin su metalaxyl da aka yi domin danginta.