Fizgar Kai a Dawakai: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa Kawai

Daga cikin maganganun da suka yaɗu game da dokin da ke fizgar kansa sama da ƙasa ba zato ba tsammani, yana atishawa yana goga hanci a ƙafarsa ta gaba, mafi cutarwa ita ce wadda ke cewa taurin kai ne da bulala za ta gyara. Gaskiya ne ciwon haƙori ko na kunne, ko linzamin da bai zauna daidai ba, na iya sa doki kaɗa kai, shi ya sa likitan dabbobi ke fara duba waɗannan. Amma idan ba a samu komai ba, yawanci matsalar tana jijiyar tirajeminal, wato jijiya ta biyar cikin waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ke kai saƙon ji daga fuska. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna cewa jijiyar irin wannan doki tana zabura da abin da bai isa ya motsa ta lafiyayye ba, don haka iska ko hasken rana kan zame masa zogi, dukansa kuwa zalunci ne.

Batun cewa akwai maganin da ke warkar da cutar gaba ɗaya ba shi da tushe. Ragar hanci, wadda ake ɗaurawa a kan bakin doki, tana da arha kuma ba ta da haɗari, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dawakai ne ke samun sauƙi mai yawa da ita. Kabamazefin, maganin farfaɗiya, da sifurohebtadin kan taimaki wasu, sai dai sukan sa kasala, abin da ke jefa mahayi cikin haɗari. Hanyar EquiPENS da aka samar a Jami'ar Biristol ta Ingila, inda ake cusa siririyar allura ƙarƙashin fatar fuska a tura wa jijiyar ƙaramar wutar lantarki, ta kawar da alamun a wajen rabin dawakai 136 da aka bi, ko da yake a yawancinsu ciwon ya dawo bayan makonni ko watanni.

Game da ƙarin abincin da ake tallatawa kuwa, ya kamata a yi hattara da shaidar masu dawakai, domin cutar takan tsananta a bazara ta lafa da kanta a lokacin sanyi a ƙasashen Turai, sai a jingina sauƙin ga abin da aka bayar a ƙarshe.