Taruwar Ruwa a Gefen Huhu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wane ruwa ne wannan?

Kowane huhu yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ninki biyu: ɗaya a manne da huhun, ɗaya a manne da haƙarƙari. A tsakaninsu akwai ɗan ruwa, kamar cokalin shayi biyu zuwa huɗu, wanda ke hana su gugar juna idan kuna numfashi. Idan wata cuta ta taɓa jiki, ruwan nan yakan ƙaru har ya wuce lita ɗaya, ya danne huhu ya hana shi buɗewa. Kada ku zargi ruwan sanyin da kuka sha. Ba ta nan yake shiga ba.

Me ke kawo shi?

A ƙasashenmu tarin fuka, wato tibi, yana sahun gaba, kuma yakan kama matasa majiya ƙarfi. Akwai limoniya, wadda idan aka yi sakaci ruwan kan rikiɗe ya zama mugunya. Ga manya kuwa, sau da yawa zuciya ce ta gaza harba jini yadda ya kamata, ko hanta ko ƙoda ta lalace. Irin wannan yakan zo da kumburin ƙafa. Ciwon daji, musamman na huhu da na nono, shi ma yana jawo shi.

Yaya za ku gane?

Haki ko da ba ku yi aikin ƙarfi ba, busasshen tari, da suka a gefen ƙirji idan kun ja numfashi. Idan rama da zazzaɓi da zufar dare suka biyo baya, a yi gwajin tibi. Hoton ƙirji ko sikanin ne ke tabbatar da ruwan.

Yaya ake magance shi?

Likita zai kashe zafin wurin, ya sa allura tsakanin haƙarƙari ya zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji. Idan yana da yawa, ba a cika zuƙe fiye da lita ɗaya da rabi a zama guda ba, don huhu ya buɗe a hankali. Mugunya kuwa sai an sa robar da za ta yi kwanaki tana tsiyayewa.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da an zuƙe ruwa numfashi ya dawo, sai su ɗauka sun warke, su daina zuwa asibiti. Alhali cutar da ta tara ruwan tana nan, kuma zai iya dawowa. Mai tibi zai sha magani wata 6 ba fashi. Mai ciwon zuciya za a ba shi maganin sa fitsari, ya rage gishiri. Mai limoniya, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙaho da sakiya ba sa kaiwa inda ruwan yake, sai dai su ƙara wa majinyaci wani ciwon.

Nawa za ku kashe?

A Najeriya gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Hoto, zuƙar ruwa da gado kuwa yawanci akan biya, kuma kuɗin ya danganta da asibitin. Ku tambaya tun kafin a fara.