Ciwo mai daɗewa yana barin sawunsa cikin ƙwaƙwalwa

Masu karatu, akwai ciwon da yake tafiya da zarar rauni ya warke, akwai kuma wanda yake zarce wata 3 bai saki mai shi ba. Sau da yawa likita yakan duba bai ga kome ba, har dangi su fara cewa raki ne. To, binciken masana ya soma wanke waɗannan bayin Allah.

Cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ban da jijiyoyi, akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ake kira mikrogiliya, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Sipaniya, Pío del Río-Hortega, ya bayyana a shekara ta 1919. Aikinsu tsaro ne. In sun ji alamar haɗari sai su tashi su fitar da sinadaran kumburi, wani furotin mai suna TSPO kuma ya ƙaru. Domin a gan shi, ana yi wa mutum allurar wani sinadari da yake manne masa, sa'an nan na'urar PET ta ɗauki hoton wurin da ya taru.

A shekara ta 2015, Dokta Marco Loggia da abokan aikinsa na babban asibitin Massachusetts, a birnin Boston na Amurka, sun gwada wannan dabara kan masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sun tarar da furotin ɗin ya fi yawa gare su bisa ga masu lafiya, musamman a talamus, wato mararrabar da saƙon ciwo yake ratsawa. A 2019, tare da Cibiyar Karolinska ta Suwidin, sun ga irin wannan alama ga masu fibromiyaljiya, cutar da take haɗa ciwon jiki duka da gajiya. A 2022 kuma suka bayyana cewa alamar ta ƙaru har ga mutane masu lafiya da aka auna bayan kullen korona, lokacin da damuwa ta yi yawa.

Wannan awo na bincike ne, ba a dogara da shi wajen yi wa majinyaci magani. Amma darasinsa a fili yake: ciwon da ido bai gani ba yana iya kasancewa da tushe cikin jiki. Saboda haka kada mu yi wa mai shi gori. Mu raka shi wurin likita, maimakon ya koma ga ƙwayoyin masu talla.