Itacen Gahawa a Ƙasar Jidda

A Bagdadiyya, wata unguwa ta birnin Jidda, da wuya a shiga gida ba a miƙo wa baƙo gahawa ba. Amma wanda ya kawo dashen itacenta daga duwatsun Jazan ya kafa a tsakar gida, galibi baƙin ciki yake girba. Ganyen sai ya yi ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai ke saura kore. Mai shi ya zaci ƙishi ne, ya yi ta ban ruwa, alhali kuwa ba nan cutar take ba.

Asalin wannan itace dazuzzukan tsaunukan Habasha ne. Can yake tsiro a inuwar manyan itatuwa, ba ya kaɗe ganye rani da damina, bayan shekara 3 ko 4 ya soma 'ya'ya jajaye. Ƙasa mai ɗan tsami yake so, watau wadda awonta na pH ke wajen 6. Ta Jidda kuwa alli ya yi mata yawa, har da dutsen teku mai alli aka gina tsofaffin gidajen birnin. Alli shi ke ɗaure sinadarin ƙarfe, ga shi a ƙasa amma saiwa ta kasa sha. Gwajin ba wuya: a ɗiga ruwan lemun tsami, in ƙasar ta yi kumfa, to, akwai alli.

Dabara ita ce a dasa shi a tukunya, cikin ruɓaɓɓen ganye da ɗan garin farar wuta, a ajiye a inuwa. Ganye zai farfaɗo. 'Ya'ya kam sai an yi sa'a, gama itacen sanyin tudu yake so, zafin Jidda ya fi ƙarfinsa.