Gishiri, albasa da tantanin ƙwayar halitta

Galmi tana cikin yankin Malbaza, bisa hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Jar albasarta ta yi suna har ƙasashen waje.

In aka ɓare ƴar fatar albasa aka duba da madubin likita, sai a ga ƙananan ɗakuna jere kamar tubala. Kowane ɗaki ƙwayar halitta ce. Daga cikin bangonta akwai tantani mai riƙe da ruwanta. Sai an tara irinsa fiye da 10.000 kafin su kai kaurin takarda guda.

An yi tantanin da wani irin maiƙo, sunansa fosfolifid. Kowane ɗan maiƙo yana da kai mai son ruwa, da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Suna jeruwa sahu biyu, kawuna waje, wutsiyoyi tsakiya. A 1925 masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka gano wannan jeri cikin ƙwayoyin jini.

Ruwa yana ratsa tantani, amma gishiri ba ya wucewa da sauƙi. In aka ɗiga ruwan gishiri bisa fatar albasa, ruwan ciki yakan fito. Tantani ya yanƙwane, ya janye daga bango, jan launin ya dunƙule wuri ɗaya.

Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci su ma suna da tantani. Shi ya sa mahautan Ƙonni da na Illela suke yanka nama fale-fale, su shanya, su sa gishiri da yaji. Rana da gishiri sun ƙwace ruwa, ƙwayoyin sun kasa hayayyafa, kilishi ya daɗe bai lalace ba.

Masana'antu kuwa sukan zuba maganin hana ruɓa, kamar benzowat, cikin lemun kwalba. Cikin ruwa mai tsami, maganin yakan shige maiƙon tantani, ya kutsa cikin ƙwayar, ya tsamama ta. Wasu magungunan sukan sassauta jerin maiƙon, tantani ya riƙa yoyo kamar tsohuwar salka.

Amma magani ba ya kashe dukan ƙwayoyi. Gwangwanin da ya kumbura da naman da ya yi funfuna, zubarwa ake yi, don suna iya sa ciwo mai tsanani.

Tambayoyi
1. Da me aka yi tantanin ƙwayar halitta?
2. Me ruwan gishiri yake yi ma fatar albasa?
3. Don me kilishi ya fi ɗanyen nama daɗewa?