Amosanin Jini a Harra ta Gabas

Harra ta Gabas unguwa ce a Madina, bisa baƙaƙen duwatsu, inda Hausawa da dama suke zaune. Cikinsu akwai masu amosanin jini, watau sikila. Ciwon gado ne: ƙwayoyin jini kan tanƙware kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, ƙasusuwa su yi ta sara.

Zafin Madina kan wuce digiri 40, ƙishirwa kuwa tana tayar da ciwon. Saboda haka mai shi ba ya rabuwa da gorar ruwa, ko Harami zai tafi salla. Sanyin iyakwandishan ma haka, sai ya yafa mayafi. Azumi kuwa, sai likita ya yarda tukuna. In zazzaɓi ya kama yaro mai ciwon, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.