Ɓeran Da Aka Cire Wa Ƙugiyar Hanta

Mun saba jin cewa mai yawan cin kitse da soye-soye ne kolestarol ke taruwa a jininsa. Haka ne, amma akwai yaro siriri ɗan shekara 10 da za a auna jininsa a tarar ya ninka na babban mutum. Wannan gado ya yi.

Kolestarol maiƙo ne da jiki ke buƙata. Yana yawo a jini cikin 'yan ƙunshi da ake kira LDL, hanta kuma tana da ƙananan ƙugiyoyi da ke cafke su ta janye su. Michael Brown da Joseph Goldstein na birnin Dallas a Amurka ne suka gano ƙugiyar, suka sami kyautar Nobel a 1985. Ƙwayar gado ɗaya ce ke ba da umarnin ƙera ta, kowannenmu kuma yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

To ina ruwan ɓera? Ba za a ɓata ƙwayar gadon mutum don gwaji ba. Shi kuwa ɓera, da wuya jijiyoyinsa su toshe, domin yawancin kolestarol ɗinsa yana cikin wani ƙunshin daban, HDL. Sai a 1993 masu bincike a Dallas suka samar da ɓerayen da aka kashe wa ƙwayar gadon ƙugiyar. Da abincinsu na kullum, kolestarol ɗinsu ya kai kusan ninki biyu. Da aka ɗora su kan abinci mai maiƙo, ya yi tashin gwauron zabi, maiƙo ya lafta a bangon jijiyoyinsu.

Abin da ya fi burge mu shi ne gwajin mayarwa. Sun yi amfani da ƙwayar bairos wajen kai lafiyayyar ƙwayar gadon cikin hantar ɓerayen, sai LDL ya sauka. Ke nan an kama mai laifi.

A mutane, kusan 1 cikin 250 na ɗauke da kwafi ɗaya da ya lalace, kuma duk ɗan da ya haifa yana iya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Wanda ya gaji biyu kan iya samun bugun zuciya tun yana yaro. Akwai magungunan rage shi, irin su statin. Idan a gidanku bugun zuciya ya taɓa kama wani da ƙuruciyarsa, ku gaya wa iyaye su nemi likita ya auna jinin 'yan gidan, har da ku.